Gwanintar Mayar da Baƙi Abokai a Wasan Kwamfuta

Tara mutum biyar a intanet su yi wasa tare abu ne da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido. Inda gizo ke saƙar shi ne a sa mutanen nan su sake neman juna washegari. A nan ake gane gwani cikin masu tsara wasanni.

World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, ya nuna wuyar aikin. Da farko, mai son shiga kogon dodanni sai ya yi ta cigiyar abokan tafiya: wa zai tare duka, wa zai yi jinyar waɗanda suka ji rauni? A ƙarshen 2009 aka kawo Dungeon Finder. Da ka danna maballi, sai a haɗa tawaga: mai tare duka ɗaya, mai jinya ɗaya, masu kai farmaki uku. Jira ya ragu ƙwarai, amma abin ya koma tamkar motar haya: a zauna kafaɗa da kafaɗa, da an isa tasha kowa ya kama gabansa. Da aka dawo da tsohon salon wasan a 2019 da sunan Classic, ba a sa wannan maballi ba.

Masu Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix da ke Japan sun ɓullo wa lamarin ta wata hanya mai burgewa. Sabon shiga yana yawo da alamar ɗan koren tsiro kusa da sunansa, don haka idan ya yi kuskure an san dalili, sai a yi masa uzuri. Tsofaffin hannu da suka ɗauki nauyin koyarwa kuwa, alamar kambi gare su, kuma akwai zauren hira na musamman inda suke amsa tambayoyin sababbi. Babbar dabarar ita ce: idan akwai wanda bai taɓa shiga wani kogo ba, wasan yakan sanar da tawagar, ya kuma ƙara musu lada idan sun kammala. Wanda da za a yi wa kallon ƙarfen ƙafa, ga shi ya zama alheri. In an gama, kowa na da damar ba baƙo ɗaya shaidar yabo.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma kowanne da gangan aka dasa shi. Gwanin ya san ba a tilasta abota. Abin da zai iya shi ne ya sa mutane su buƙaci juna, ya rage wa baƙo jin nauyi, ya sauƙaƙa godiya, sannan ya bar ƙofar sake haɗuwa a buɗe, tunda zumunci a ƙafa yake. Wanda ya iya haɗa waɗannan huɗun ya cancanci jinjina, domin ko wasan ya tsufa, mutane ba sa barin inda abokansu suke.