Jinjina ga Masu Datse Shayi a Mambila

Idan shayi ya yi daɗi a Tudun Wadar Gusau ko tashar Tsafe, mai shayi ake yaba wa. Amma masu datse itacen shayi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, su ma sun cancanci yabo. In aka ƙyale shi, doguwar bishiya yake zama, ganyen ya gagari hannu. Duk bayan 'yan shekaru sai su sare shi ƙasa-ƙasa, ya tofo da ganye mai taushi. Rassan kuwa, in an shimfiɗa su a gindi, su riƙe danshi, su tare zaizaya, su ruɓe su zama taki. Ga sanyin Mambila, ga ciwon baya. Sannunku da aiki!