An Yi wa Gyambo Kwalliya: Sharhin Wani Wasan 'Yan Makaranta a Damazin

A watan Fabrairun 2023, wata biyu kafin yaƙin sojoji da dakarun RSF ya rufe makarantun Sudan, na tashi daga Mai Wurno na je Damazin gaishe da innata. Jikarta ta matsa sai na bi ta makarantarsu, domin za su yi wasan kwaikwayo kan zaman lafiya. Makarantar gwamnati ce mai haɗa kowa: Hausawa, Barta, Hamaj, Ingasana, da 'ya'yan Uduk waɗanda yawancinsu Kiristoci ne.

Labarin wasan gajere ne. Yaro Musulmi da yaro Kirista suna zama benci ɗaya. Wani baƙo mai baƙin rawani ya shiga tsakaninsu da annamimanci har suka daina gaisawa. Malami ya kira su ya yi nasiha, suka rungumi juna, suka ci wake da gurasa a kwano ɗaya. Iyaye suka yi tafi, ni ma na yi. Yaran sun iya, musamman mai fitowa a baƙon, wanda ya sa mata dariya har da hawaye.

Sai dai tun a hanyar gida abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Wasan ya ɗauko rigimar da ba ita ta raba garin ba. Jinin da ya zuba a jihar Nilul Azrak a Yulin 2022, inda aka rasa fiye da mutum 100, da wanda ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoba, bai zuba tsakanin masallaci da coci ba. Akasarin masu faɗan alƙiblarsu ɗaya. Batun ƙasar noma ne, da neman da Hausawa suka yi a ba su sarautar gargajiya tasu, da tambayar da ke ƙarƙashin duka: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Wasan bai ambaci gona ko sau ɗaya ba. Ya zaɓi addini ne don shi ne ciwon da za a iya taɓawa a ranar ba tare da kowa ya tashi daga kujera ba.

Aibi na biyu shi ne mai baƙin rawanin. Da zarar an ɗora laifi kan wani da ya zo daga waje, kowa ya wanku. Amma yaran nan sun san waɗanda suka ƙona gidaje, wasu maƙwabta ne, wasu dangi. Ga Bahaushe kuwa hoton yana da ƙaiƙayi, domin kalmar baƙo ita ake jifan mu da ita, alhali kakanninmu sun sauka bakin wannan kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma guminmu na cikin audugar Jazira tun da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925.

Na uku, harshe. Daga farko har ƙarshe Larabci ne, babu ko gaisuwa ɗaya da Hausa ko Bartanci. Na tuna ƙuruciyata, lokacin da malami ke dukanmu in ya ji muna abin da yake kira ruɗana, wato duk harshen da ba Larabci ba. Makarantar da ta tara yara amma ta ce kowa ya ajiye harshen uwarsa a bakin ƙofa, jikinsu kawai ta tara.

Duk da haka akwai minti ɗaya da ya fi wasan duka. Yaron da ya fito a malami ya ɗauki rajistar ajinsu ta gaskiya yana kiran suna. Ya kira wani suna, shiru. Sai wata yarinya daga cikin 'yan kallo ta ce, "Sun koma Rabak." Ba ya cikin abin da aka tsara. Filin ya yi tsit, na ga wata uwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Da marubucin wasan ya gina labarinsa kan wannan gurbin da babu kowa, da ya yi abin da za a daɗe ana tunawa.

Ba ina kushe haɗa yara ba ne. Wanda ya ga yadda Kaduna ta rabu gida biyu bayan rikicin 2000 ya san tsadar rabuwa. A Ireland ta Arewa, iyaye ne suka buɗe Kwalejin Lagan a 1981 da ɗalibai 28, Katolika da Furotesta, ana tsakiyar rikici, kuma har yau ɗaliban irin waɗannan makarantu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abu ne mai wuyar samu, mu kuwa muna da shi a hannu. Shi ya sa nake jin zafin a ɓata shi da wasan da ke koya wa yara kawar da kai.

Ban ga laifin malamin da ya rubuta ba sosai, tsoro ne, kuma yana da dalili. Amma da dare na tambayi jikar innata ko wasan ya yi mata. Ta ce, "Kawu, ya yi kyau, sai dai ba labarinmu ba ne." Shekararta goma sha ɗaya.