Mai Lambu da Turke a Tsakiyar Bazara

Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Kano yakan wuce digiri 40. Ciyawar daji ta ƙone, rumbu ya yi ƙasa, harawa ta yi tsada a kasuwa. A wannan lokacin ne ake gane gwanin manomi, musamman mai ɗan ƙaramin fili da ke haɗa lambu da kiwon turke, irin waɗanda ake gani daga fadamun Tamburawa a Dawakin Kudu har zuwa Kura, Kadawa da Bunkure. Ba shi da hekta goma. Abin da ya mallaka bai wuce 'yan fangaloli ba, da raguna biyu ko uku, da awakin uwargida, da kaji masu tono a gindin danga. Amma duk ya ƙetare da su zuwa damina ba tare da ya sayar da ko ɗaya don dole ba.

Ruwan da ya sa hakan ta yiwu daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Gangarowa yake da kansa ta manyan hanyoyin ruwa zuwa ƙanana, ba inji, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Mutanen fadamar Dawakin Kudu kuwa, da yawansu daga kogi ko rijiyar burtsatse suke janyowa da injin ban ruwa, inda kakanninsu suka yi fama da jigo.

Samun ruwa daban, iya ba da shi daban. Ka tsaya bakin hanyar ruwa a Kadawa da sanyin safiya ka ga yadda ake yi. Manomi ya nutsar da lanƙwasasshen bututun roba har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ƙetaro da shi kan gaɓa cikin motsi guda, ya saki ƙasa da tsayin ruwan. Shi ke nan, ruwa ya kama gudu da kansa. Baƙo zai yi ta gwadawa iska na shiga, shi kuwa yaron gidan yana jera bututu bayan bututu yana hira. Daga nan sai aikin fartanya: a buɗe bakin wannan fangali, a bar ruwa ya kai ƙarshe, a toshe da laka, a buɗe na gaba. Gwani ba ya jira fangali ya tumbatsa. Ya san ruwan da ya yi yawa yana wanke taki, yana ruɓar da saiwa, a wasu wuraren ma ya taso da gishirin ƙasa ya bar farin ɓawo a sama. Yakan damƙi ƙasa ya matse; yadda ta dunƙule ko ta wargaje shi ke gaya masa ko yau ne ko sai jibi. Da tsakar rana kuwa ba ya ba da ruwa in yana da zaɓi.

Ya kuma san abin da bazara ke ɗauka. Alkama an girbe tun Maris. Tumatir da ya cika kasuwar Kwanar Gafan lokacin hunturu, furensa zubewa yake idan zafi ya tsananta, kuma tun ɓarnar da tsutsar sharon ta yi a 2016 mutane suka ƙara taka-tsantsan da shi. Sai a koma ga masara, kuɓewa, alayyafo, gurji da kankana.

Inda abin ya fi burge ni shi ne yadda ba a dawowa gida hannu wofi. An karya ɗanyar masara an sayar wa masu gashi, karan da ganyensa sun tafi turke. Ciyawar da aka cire tsakanin shuka ana ɗaure ta a bayan keke ko babur. Gwanin makiyayi yakan bar ta ta ɗan sha iska kafin ya zuba, don ɗanyar ciyawa da yawa a cikin da ya saba da busasshe tana kawo kumburi da zawo, kuma ba ya yankowa daga inda aka yi feshi kwanan nan. A haɗa da harawar da aka adana a kan rumfa tun kaka, da kowar wake, da dusa a ruwa da ɗan kanwa. Wannan ɓangaren yawanci a hannun mata yake. Su ke lura da akuyar da ta rage ci, su ke sauya wa kaji ruwa a kasko a inuwa.

Abin da dabbobi suka ci kuma yana komawa lambu. Ana share turke a tara kashin awaki da toka da sharar tsakar gida a juji, a bar shi ya ruɓe, domin ɗanyen taki, musamman na kaji, ƙona shuka yake. Idan ya yi baƙi ya daina zafi, a loda a mangala ko amalanke a kai gona. Da tsadar takin zamani a yau, mai jujin nan yakan sayi kaɗan ne kawai ya cike, ragon da ya ci karan masarar kuma yana nan yana ƙiba, ana jiran kasuwar Babbar Sallah.