Jinjina ga Masu Bin Salsalar Mutanen Mona's Queen

Ranar 29 ga Mayu 1940, jirgin ruwan Mona's Queen ya ci karo da nakiya kusa da Dunkirk, ya nutse nan take. Ma'aikata 24 suka rasu, 17 cikinsu 'yan Tsibirin Man. Wanda teku ta ci ba shi da kabarin da za a ziyarta. Shi ya sa nake sara wa ƙungiyar tarihin iyali ta tsibirin da ma'aikatan gidan tarihin Douglas, masu haƙurin tonon rajistar coci, takardun ƙidaya da jerin sunayen ma'aikatan jiragen ruwa, har jika ya gano asalin kakansa. Aiki ne mai cin rai, ga masu suna Kelly da Quayle birjik! Ƙugiyar tsayar da jirgin, wadda aka ciro a 2010, yanzu tana Port St Mary a tsibirin, don tunawa da mamatan.