Inda maginin Japan yake ɓoye gwanintarsa

Nauyin gida ƙasa yake dannawa, kowane magini ya san yadda zai tare shi. Girgizar ƙasa kuwa gefe take fizga, ta kai ta kawo, har ginshiƙin da ya shekara hamsin ɗauke da rufi ya fice daga mazauninsa.

Da tsada mutanen Japan suka sayi wannan ilimi. Da asubahin 17 ga Janairu 1995 ƙasa ta girgiza a Kobe, mutum sama da 6,000 suka rasu, akasarinsu gidajensu ne suka danne su. Da yawa tsofaffin gidajen katako ne masu rufin yumɓu mai nauyi, wanda aka ɗora don kada guguwa ta yaye shi. Maganin guguwa ya zama ajali. Tun 1981 doka ta ce ko da girgiza mafi tsanani ta zo, gida ya lalace in zai lalace, amma kada ya rufta. A 2000 aka ƙara ɗaure gidajen katako: a auna ƙarfin ƙasa kafin a zuba harsashi, a ɗaure mahaɗar ginshiƙai da ƙarfe da noti, a kuma raba bangaye masu ƙarfi daidai wa daida.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi burge ni. Ɗauki siririn gidan nan mai hawa uku da ake jerawa kafaɗa da kafaɗa a Tokyo ko Osaka. Fili ba yawa, don haka gaban gidan a ƙasa gareji ne da ƙofa, wato rami ne kawai. Baya kuwa bango ne ƙaƙƙarfa. Da ƙasa ta motsa, baya zai tsaya, gaba ya tafi, gidan ya murɗe kamar ana matse wanki. Mai zane sai ya yanka taswirar gida huɗu, ya ƙirga bangon da ke yankin wannan gefe da na wancan, ya gwada su. In gaba ta gaza, a kewaye bakin garejin da firam mai ƙarfi, ko mai gida ya haƙura da wata taga. Ba kowane mai gida ke jin daɗin wannan magana ba.

Sauran aikin yana hannun kafinta. Falankin da ke riƙe bango ana buga masa ƙusa mai tsawon milimita 50 a kowace santimita 15, kuma in bindigar ƙusa ta nutsa kanta cikin katakon fiye da kima, ƙarfin ya ragu. Fenti na rufewa, ba mai sake gani.

Mutanen Japan ba su tsaya ga lissafi ba. A garin Miki, kusa da Kobe, akwai E-Defense, dandamali mai mita 20 da 15 da ake gina cikakken gida a kansa, a kunna masa irin girgizar 1995 a ga inda zai ɓalle.

Gwajin gaske ya zo a Kumamoto cikin Afrilu 2016, inda manyan girgiza biyu suka bugi garin Mashiki a tsakanin kwana biyu. A unguwannin da aka bincika, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen katakon da suka girmi dokar 1981 sun rufta. Cikin 319 da aka gina bayan gyaran 2000, 7 ne suka faɗi, kuma a wasunsu an tarar ba a ɗaure mahaɗar yadda doka ta ce ba.