Manzon Sarki Tsakanin Sakkwato da Gwandu

A shekarar 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba ragamar mulki gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Daga nan daula ta samu fadoji biyu. Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi suna kai caffa Sakkwato, Nufe da Ilori da Yawuri kuwa Gwandu suke fuskanta. Zumuncin gidajen nan ya ɗore har zuwan Turawa a 1903, kuma akwai wani ma'aikaci da ya sha rana saboda shi, wato manzon sarki, wanda a yau za mu kira jakada. Mutanen Tambuwal sun san ƙurar dokinsa, domin garinsu ribaɗi ne, wato garin tsaron iyaka, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a cikinsa, ga shi kuma dab da Gwandu.

Aikin yakan fara ne a zauren Waziri. Tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Bello kuma mijin Nana Asma'u, wasiƙun daula a gidan nan ake rubuta su, can kuma ake adana waɗanda suka iso. Magatakarda zai fere alƙalamin kara, ya tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Tawadar kuwa baƙin gawayi ce da aka dama da ƙaro, shi ke sa ta kama takarda. Ita takardar daga Italiya take, ta ratso Tarabulus da Sahara a bayan raƙumi. In ka ɗaga ta ga rana sai ka hango jinjirin wata uku a jikinta. Abu mai tsada irin wannan ba a ɓarnarsa, shi ya sa wasiƙa ba ta cika wuce shafi guda ba.

Rubutun da Larabci ne, kuma yana da tsari. Bisimilla, salati ga Annabi, sunan mai aikowa, sunan wanda aka aika wa tare da laƙabinsa daidai gwargwadon matsayinsa, sannan gaisuwa, sannan buƙata a layi kaɗan. Laƙabi guda da aka manta yana iya zama raini. Idan tawada ta bushe sai a buga hatimi, tambarin da ke shaida cewa daga fada takardar ta fito, a ninke ta ƙanana, a sa cikin jakar fata don gumi da ruwan sama.

Takarda rabin saƙo ce kawai. Sauran rabin a ka manzo yake ɗaukarsa. Waziri zai jawo shi gefe ya faɗa masa abin da ba a so a rubuta: ranar da rundunonin gidajen biyu za su haɗu a rani, ko ƙorafin da in ya shiga takarda zai yi kaifi. Manzo ya maimaita har sai kalmomin sun zauna yadda aka ba shi su. Ya san magana zarar bunu ce, don haka ba ya ƙara gishiri, ba ya kuma rage ɗaci don neman tukuici. Rago kan kama ma'ana kawai ya cike gurbi da nasa. Gwani yakan kiyaye har inda aka sassauta murya.

Sai shirin hanya. Ya duba kofaton doki, ya gyara sirdi da linzami, ya cika salka da ruwa, ya ƙulla guzurin ƙilishi da dakuwa, ya ɗaure kayan gaisuwa, riga ko goro ko doki na ja. Yakan yi sammako, ya ya da zango kafin rana ta take. Ya san rijiyar da ba ta ƙafewa da mashigin da ke cika da damina. Bayan 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya jagoranci tawayen Kabawan Argungu, hanyar ta zama mai haɗari, sai manzo ya riƙa bin garuruwa masu ganuwa, yana tambayar labari a kowace ƙofa. Mai wucewa ta ƙasar Tambuwal ko ta dazukan Kebbe a lokacin ba ya bayyana wa abokin tafiya abin da ke jakarsa. Sulhun da aka ƙulla da Argungu a shekarun 1860, wanda ake kira Lafiyar Toga, shi ma sai da ƙafafun manzanni suka kai suka kawo.

Isowa gari ba ya nufin ganin sarki nan take. Manzo yakan sauka wajen ƙofarsa, wato babban bafaden da aka ɗora wa lura da al'amuran ƙasar da ya fito, kamar yadda Wazirin Sakkwato yake ƙofar Kano da Zazzau. Shi zai ba shi masauki, ya nema masa iso. Jiran ma aiki ne. A nan yake sauraren wanda fada ke yi da shi yanzu, da farashin hatsi, da yawan dawakin da ke turke. Ranar da aka yi masa iso ya tuɓe takalmi, ya zube ya yi gaisuwa, "Allah shi ba ka nasara," ya miƙa takarda da hannu biyu. Malami ya karanta a fili. Saƙon baka kuwa sai an watse, ya rage daga sarki sai amintattunsa. In amsa ta zo da zafi, manzo ba ya musu, ba ya kuma alkawarin abin da ba a ba shi iko ba. Yakan haddace amsar da yanayin fuskar da ta ba da ita, ya jira sallama, domin tafiya ba sallama yanke zumunci ce.

Baƙi daga nesa ma wannan tsari suka tarar. Da Kilafaton, manzon Ingila, ya iso Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ne ya karɓe shi ya kai shi gaban Bello. Aikin manzo bai mutu ba: jakadan Najeriya da ke Yamai a yau yana miƙa takardar kama aiki ga shugaban ƙasa, kuma Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta hana a taɓa shi ko a buɗe jakar wasiƙunsa. Waya ta rage masa tafiya, amma abin da ake nema a wurinsa bai sauya ba: ya kai magana yadda aka ba shi, ya dawo da amsa yadda aka faɗa, ko da ba ita uban gidansa ke son ji ba.