Abin da majigin Jean Rouch bai nuna ba game da Hauka

A shekarar 1954 Jean Rouch ya ɗauki majigin "Les Maîtres fous" a bayan garin Ankara, babban birnin Gana ta yau. Waɗanda ke cikinsa ƴan ci-rani ne daga Nijar: ƴan dako da masu haƙan kwalbati. Ranar Lahadi iskokin Hauka suna hawansu, wannan ya zama gwamna, wancan janar, wani kofur mai gadi. Kumfa na zuba a baki, a yanka kare a ci. Da aka fara nuna shi a Paris, Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi.

An daɗe ana gardama ko majigin ya wulaƙanta baƙar fata. Akwai wani giɓi da ya fi wannan girma, wanda mutumin Kurfai ko na Imanan zai lura da shi tun kallon farko: majigin bai tsaya kan abin da ya kai mutanen nan Ankara ba.

Hauka a ƙasar Filinge ta ɓulla, wajen 1925, a garin Cikal, a jikin wata mata mai suna Shibo. Mabiyanta suka ƙi biyan haraji, suka ƙi aikin tilas, suka juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Faransawa ke mara wa baya. Kumandan Croccichia ya kulle su a Yamai; su kuwa suka mai da shi iska, Kumandan Mugu. Finn Fuglestad ya bi wannan tarihi a 1975, ya ɗauke shi a matsayin tawayen talakawa.

Ba wani taro da aka yi aka yanke shawarar ƙaura. Saurayi ya ga harajin gidansu sai da kuɗi, gero kuwa ba ya kawo kuɗi, ya ɗauki sanda bayan girbi ya nufi Kurmi. Maƙwabcinsa ya ga ya dawo da keke da turamen atamfa, baɗi ya bi shi. Yunwar 1931 ta ƙara tura wasu. A haka sadaki ya tashi, aikin rani ya koma kan mata da tsofaffi, tafiya ta zama mizanin da ake auna namiji da shi a garuruwan Dallol Boso, har wanda bai so tafiya ba ya rasa yadda zai zauna.

Rouch ya san duk wannan, domin ya yi bincike mai zurfi kan ƴan ci-ranin, kuma "Jaguar" ya bi sawun matafiya uku tun daga gida. Amma a nan ya rufe da fuskokin masu bori washegari suna murmushi a bakin aiki, yana nuna kamar sun samo maganin damuwar birni. Kallo ya ƙare ba a ga gonar da aka bari a Cikal ba, balle takardar harajin da ke jiran kuɗin leburan.